Yadda Ake Gane Tsutsar Ƙwaro Mai Dogon Ƙaho da Ɗan Kwancinta a Cikin Itace

Wani busasshen gungume nake faskarawa ranar da na fara cin karo da ita. Gatari ya shiga, itace ya dare biyu, sai ga wata farar tsutsa ta faɗo, tsawonta ya kai ɗan alina, jikinta gaɓa-gaɓa, gabanta ya fi bayanta kauri. Na ɗora ta a tafin hannu. Ta miƙe, ta takure, ta sake miƙewa, amma ko taku ɗaya ta kasa yi. Na juya ta ina neman kai, ban ga komai ba sai wasu baƙaƙen muƙamuƙai guda biyu suna buɗewa suna rufewa. Tun daga ranar ban ƙara wuce mataccen itace ban duba ƙarƙashin ɓawonsa ba.

Tsutsar ƙwaro mai dogon ƙaho ce, dangin da masana ke kira Cerambycidae. Nau'insu da aka riga aka sa wa suna ya haura 35,000. Babban ƙwaron ba ya ɓuya, ƙahonsa, wato sirara biyun nan masu gaɓa-gaɓa da ke kansa, sau da yawa ya kai tsawon jikinsa ko ya fi, sai dai a yawancinsu makonni kaɗan yake yi a duniya. Tsutsar ce ke cin shekara ɗaya, biyu, uku ko fiye a cikin itace, ita ce kuma ke yin ɓarnar. Shi ya sa mai sassaƙa, mai lambu da mai binciken kaya suka fi haɗuwa da tsutsa, a lokacin da babu babban ƙwaro kusa da zai gaya musu ko wace ce. Aikin gane ta kuma bai ƙare ba har gobe. Titanus giganteus na dazukan Amazon, wanda babbansa ke kaiwa kusan santimita 17, har yanzu ba a samu tsutsarsa an tabbatar ba.

Rayuwarsu hawa huɗu ce: ƙwai, tsutsa, kwanci, sannan babban ƙwaro. Hawa na uku shi ne wanda masana ke kira pupa. Ni ɗan kwanci nake ce masa, domin kwance yake a ɗakinsa, ba ci ba sha, har ya rikiɗe.

Fara da itacen, kafin tsutsar

Kuskuren da na daɗe ina yi shi ne in ɗauke tsutsa in jefar da itacen. Rabin amsar kuwa a itacen take. Kafin ka taɓa ta, tsaya ka rubuta: wane irin itace ne, ɗanye ne ko busasshe ko ruɓaɓɓe, a saiwa ka same ta ko a gindi ko a reshe, a ƙarƙashin ɓawo take ko can cikin zuciyar itacen. Ɗauki hoto tana cikin raminta, ka ajiye ma'auni a gefe. Da yawa daga cikin ƙwarin nan suna da itacen da suke so. Hylotrupes bajulus busasshen katakon fayin (bishiyar pine) da danginsa yake ci, har wanda aka yi rufin gida da shi. Phoracantha semipunctata bishiyar turare yake bi. Batocera rufomaculata an san shi da mangwaro da ɓaure. Sanin sunan itacen kaɗai yakan rage maka ɗaruruwan zato.

Sannan dubi ramin. Ka yanka shi a gicciye ka ga bakinsa: na wannan dangi yakan zama kamar ƙwai ko kusan zagaye, yana ƙara faɗi yadda tsutsar ke ƙara girma. Da yawa suna farawa ne tsakanin ɓawo da itace, su yi ta yawo a nan, sai daga baya su nutsa ciki. Abin da ta bari a bayanta shi ma shaida ne. Wasu suna barin zare-zaren itace masu kaushi kamar an kankare da wuƙa, irin na Monochamus. Wasu gari mai laushi suke dannewa a ramin har ya toshe. Wasu kuma turo shi suke yi waje, ka ga dusa ta taru a gindin bishiya. Idan dare ya yi tsit ka kara kunne, manyansu ana jin ƙarar cinsu, ƙurus-ƙurus, kamar ana goga ƙaramin zarto.

Wajen buɗewa, ka bi ramin da cizal a hankali, ka riƙa ɓantara kaɗan-kaɗan daga gefe, kada ka sara a kan ramin kai tsaye. Da ta bayyana, ka ajiye ƙarfe ka ɗauko buroshi mai laushi. Matsefata tana huda fatarta in ba ka yi sannu ba.

Shin ita ce ma?

Kama da wane ba wane ba ne, kuma fararen tsutsotsi a itace suna da yawa. Tamu tana miƙe, ba ta lanƙwashe ba. Fara ce ko mai ruwan madara, jikinta taushi, gashi jefi-jefi. Gaɓar farko ta ƙirji ta fi kowace girma, kuma kan yana nutse a cikinta, muƙamuƙai kawai ke leƙowa. Ƙirji gaɓa uku ne, ciki goma. A gefen jiki akwai ƙofofin numfashi, ɗaya a ƙirji, takwas a ciki, a kowane ɓangare.

Amma alamar da na fi dogara da ita ita ce 'yan tozaye. Ka dubi bayanta da cikinta: a kan gaɓoɓin ciki shida ko bakwai na farko akwai wani kumburi kamar ɗan tozo, sama da ƙasa. Da su take tafiya. Takan kumbura su ta tokare rufin rami da ƙasansa, ta tura gabanta, sannan ta jawo bayanta. Shi ya sa waccan ta farko ta kasa motsawa a tafin hannuna, babu bangon da za ta tokara. Ka saka ta a cikin siririn bututu mai daidai da kaurinta ka gani, nan take za ta kama hanya, gaba ko baya duk ɗaya ne a wurinta.

Wadda aka fi rikita ta da ita ita ce tsutsar Buprestidae, ƙwarin nan masu ƙyalli. Ita ma fara ce, kai a nutse, kuma ba ta da ƙafa. Sai dai gaɓar ƙirjinta ta farko a baje take, ta yi faɗi, sauran jikin kuma siriri, ta zama kamar ƙusa mai faffaɗan kai. A kan faffaɗan wurin akwai tsaga, ko layi ɗaya ko mai kama da harafin V a kife. Raminta ma a baje yake, cike da gari a danne. Tamu kuwa ko da gabanta ya yi kauri, a mulmule yake, kuma jikin a hankali yake sirancewa.

Sauran ba su da wuya. Duk wadda ta lanƙwashe kamar lauje, kanta a waje, ba tamu ba ce: in tana da manyan ƙafafu shida gwazarma ce ko danginta, in ba ƙafa ko ɗaya to ta ƙwarin ɓawo ce ko ta masu dogon baki. Wadda ke da ƙafafun nama a tsakiyar ciki masu 'yan ƙugiyoyi a tafinsu, ta malam-buɗe-littafin dare ce mai cin itace. Wadda ke da ƙaya guda ɗaya mai tauri a ƙarshen wutsiya, a cikin rami zagaye sumul da aka danne da gari, ka zargi zanzaron itace, Siricidae.

Muƙamuƙi, ƙafa da kai

Nan ne aikin yake, kuma nan ne nake so ka daɗe. Kana bukatar gilashin ƙara girma mai ninki 10 da haske mai kyau daga gefe. Ka manta da girma da launi. Tsutsa tana saɓa sau da dama kafin ta kammala, saboda haka ƙarama da babba za su iya zama 'ya'yan uwa ɗaya, launinta kuma yakan canza da abin da ke cikin hanjinta.

Dangin ya kasu gida-gida, kuma a ganina wanda ya iya kai tsutsa gidanta daidai ya yi aikin da ya kamata. Abu uku za ka duba.

Na farko bakin muƙamuƙi. Ka fuskanto ta da gilashi, ka jira ta buɗe. Idan muƙamuƙin gajere ne, bakinsa a zagaye kamar cokali, babu tsini, gidan Cerambycinae ke nan. Wannan alama ba ta cika yaudara ba. Su ne suka fi jure busasshen itace mai tauri, kuma wannan cokalin ne ke kankare shi ya zama gari. Sauran gidajen bakin muƙamuƙinsu a karkace yake, da tsini a ƙarshe.

Na biyu ƙafa. Kwantar da ita rigingine ka duba gaɓoɓin ƙirji uku. Ƙafafun, in akwai su, ƙanana ne ƙwarai, ido kaɗai ba ya wadatarwa. Idan babu ko alama, kuma muƙamuƙi mai tsini ne, to kusan tabbas Lamiinae ce, gidan da ya fi kowane yawa, inda Monochamus, Batocera da Anoplophora suke. Sai ka tabbatar da kai: kan Lamiinae dogo ne, tsawonsa ya fi faɗinsa, ya nutse can cikin ƙirji. A matacciya kawai za ka gwada wannan, ka kama muƙamuƙi ka jawo a hankali, za ka yi mamakin yawan abin da ke ɓoye. Kan sauran gidajen faɗinsa ya kai tsawonsa ko ya fi. Ka lura, wasu 'yan Cerambycinae ma ƙafafunsu sun shuɗe, shi ya sa na ce ka fara da muƙamuƙi.

Idan akwai ƙafa kuma muƙamuƙi mai tsini ne, saura gida uku da aka fi haɗuwa da su. Lepturinae kansu ya fi fitowa waje, ƙafafunsu sun fi na saura tsawo, ruɓaɓɓen itace mai damshi suka fi so. Rhagium, wanda ke zama ƙarƙashin ɓawo, kansa a baje yake, ja-ja, mai kaifin gefe. Prioninae su ne ƙattai, masu kauri, a saiwa ko a ruɓaɓɓen kututture, kuma gaban goshinsu ya turo bisa leɓe, sau da yawa da 'yan haƙora a jere. Spondylidinae, irin su Arhopalus da Tetropium, galibi a fayin da danginsa suke, kuma a saman gaɓar ciki ta tara suna da 'yan ƙayoyi biyu kusa da juna, ƙanana kamar bakin allura. Sai ka karkata hasken kafin ka gan su.

Daga nan zuwa sunan nau'i, hanya ta yi ƙunci. Ana duba yawan ɗigon ido a gefen kai, zanen da ke kan farantin bayan wuya, da tsagogin da ke kan 'yan tozaye. Hylotrupes bajulus, alal misali, ɗigon ido uku gare ta a jere a kowane gefe, kuma idan ka haɗa wannan da katakon fayin na gini, garin da ya cika ramin, da ƙofar fita mai siffar ƙwai ta milimita 6 zuwa 10, ka kusa gamawa. Amma irin wannan sauƙin kaɗan ne. Nau'o'i da yawa, musamman na ƙasashe masu zafi, ba a taɓa bayyana tsutsarsu a rubuce ba. Idan ka ga wani ya kalli hoto ɗaya ya yanke sunan nau'i, ka karɓa da taka-tsantsan.

Ɗakin kwanci da mai ɗakin

Idan tsutsa ta ƙoshi, takan sassaƙa ɗaki a ƙarshen raminta, ta toshe ƙofa. Yawanci da zaren itace take toshewa. Rhagium inquisitor kan jera zaren a zagaye ƙarƙashin ɓawo kamar sheƙar tsuntsu, ko mai ɗakin ya tafi sheƙar na nan tana ba da labari. Cerambyx cerdo, na itacen ok a Turai, murfin alli yake yi wa ɗakinsa, fari mai tauri. In ka samu tsutsa a irin wannan ɗaki ta gajarce, ta yi kauri, ta yi fari fat, ba ta cizo sosai, to ta daina ci, tana dab da rikiɗa. Kada ka auna ta ka ce wannan ne tsawonta.

Ɗan kwanci ya fi tsutsa sauƙin ganewa, domin babban ƙwaron ne a naɗe. Fari ne, taushi kamar kakin da bai daskare ba. Ƙafafunsa, fukafukansa da ƙahonsa duk a sake suke, an dai lanƙwasa su a jiki amma ba a manne ba. Wannan kaɗai ya raba shi da na malam-buɗe-littafi, wanda yake ruwan ƙasa, komai nasa a manne cikin kwanso ɗaya.

Ƙahon za ka fara bi da ido. Yakan taso daga kai, ya bi gefen jiki ta saman ƙafafun gaba da na tsakiya, sannan ya lanƙwaso ƙasan ciki. A masu dogon ƙaho sosai, irin Monochamus, ƙarshensa a nannaɗe yake kamar gammo. Ɗan kwancin Buprestidae ƙahonsa gajere ne, na masu dogon baki kuwa bakin nan yana kwance a ƙirjinsa. Sai ka dubi wuya: in babban zai fito da ƙaya a kowane gefen wuya, tana nan tun yanzu. Bayan ciki akwai layukan 'yan ƙayoyi, da su yake juyawa a ɗakinsa, ka taɓa shi da buroshi ka ga yana murɗa bayansa. Ƙarshen jiki ma yana magana: ƙaya ɗaya mai kallon sama ana yawan samunta a Lamiinae, biyu kuma a Lepturinae da Spondylidinae. Ta ƙasa, dab da ƙarshe, mace tana da 'yan ƙulli biyu a jere, namiji ba shi da su.

Launi a nan yana da amfani, domin agogo ne. Idanu ke fara duhu, sai bakin muƙamuƙi, sai farata da gwiwoyi. In ka ga duk sun yi duhu, kwanaki kaɗan suka rage. Kwancin baki ɗaya makonni ne, ya danganta da zafi ko sanyi. Bayan ya saɓe ma ba ya fita nan take, yakan zauna a ɗakin har jikinsa ya yi tauri, launinsa ya nuna.

Akwai wani abu da mutane ke sharewa da dusa, wanda ni a wurina ya fi komai daraja a ɗakin: saɓar tsutsar ta ƙarshe. Tana can a ƙarshen wutsiyar ɗan kwanci, a cukuikuye, da ƙoƙon kai da muƙamuƙai a jikinta. Ka jiƙa ta ka warware, za ka ga bakin muƙamuƙi da ɗigon ido kamar tsutsar na raye. Ita ce ke haɗa maka tsutsa da babban ƙwaron da zai fito.

Ajiya da reno

Na taɓa tara tsutsa biyar daga gungume ɗaya, na zuba su a kwalba ɗaya. Kafin gari ya waye uku sun mutu, sun ciji juna, jikinsu ya yi baƙi. Abin ya dame ni, domin ni na raba su da ramukansu. Tun daga nan kowace da kwalbarta, da 'yar dusar itacenta.

Wadda za ka ajiye don nazari, ka tsoma ta a ruwan da ya tafasa aka sauke, minti ɗaya zuwa biyu, sannan ka saka ta a itanol, wato barasar ɗakin gwaji, mai ƙarfin kashi 70 zuwa 80 cikin 100. Ruwan zafin ke sa ta miƙe ta zauna fara. In ka jefa ta a itanol kai tsaye, babba takan yi baƙi daga ciki ta takure. Wadda za a yi wa gwajin DNA kuwa ba a tafasa ta, itanol mai kashi 95 ko fiye ake sa ta. Takardar bayani da fensir ake rubuta ta, a jefa cikin kwalbar, domin tawadar biro narkewa take yi.

Amma in suna kake so na tabbas, reno ne hanya. Ka yanko guntun itacen da sauran tsutsotsi ke ciki, ka shafe bakin yankan biyu da kakin kyandir don kada ya bushe da sauri, ka sa a mazubi mai murfin raga, a inuwa. Ka riƙa yayyafa ruwa kaɗan lokaci-lokaci. Damshi in ya yi yawa fumfuna ta kashe su, in ya yi kaɗan su bushe. Ɗan kwancin da ka buɗe wa ɗaki bisa kuskure, ka mai da shi, ka haɗa ɓarin itacen biyu ka ɗaure da zare. Kada ka riƙa ɗaukarsa da yatsa, fukafukan kan fito a murɗe.

Wuri ɗaya ne ban yarda a yi reno ba. Idan ka samu tsutsa mai rai a katakon da aka ɗauro kaya da shi daga wata ƙasa, kada ka ajiye, kada ka jefar, ka rufe ta ka sanar da hukumar kula da lafiyar tsirrai. Ta irin wannan katako Anoplophora glabripennis ya bar gabashin Asiya, aka gan shi a Buruklin ta birnin Niyok a 1996, aka gan shi a Ostiriya a 2001, aka sare dubban bishiyoyi saboda shi. Tsutsarsa na kaiwa santimita 5, ba ƙafa, ƙofar fitarsa zagaye ce mai faɗin kusan santimita 1. Shi ya sa ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ISPM 15 ta 2002, cikin hanyoyin da ta amince da su, ta ce a gasa katakon ɗaurin kaya har tsakiyarsa ta kai digiri 56 na Selsiyos na tsawon minti 30, a buga masa hatimi. Ka ɗauki hoton hatimin tare da na tsutsar.

Guntun farko da na rena wata goma sha huɗu ya yi a mazubi ba motsi, sai 'yar dusa da ke zubowa jefi-jefi. Wata safiya na tarar da ƙofa zagaye a jikinsa, ƙwaron na manne a raga yana kaɗa ƙaho. Na tsaga itacen na bi ƙofar har ɗakin, na samu saɓar tsutsa da ta kwanci a ƙuryarsa. Muƙamuƙi mai tsini, kai dogo, daidai da 'yar'uwarta da na sa a itanol tun ranar farko na rubuta mata Lamiinae da fensir. Na ba su lamba ɗaya su huɗu: tsutsar kwalba, saɓa biyu, da babban ƙwaron.